Wasiƙar da Ta Yi Mako Bakwai a Aljihu

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, in ta yi daɗi mu kai wa na gida.

An yi wani mai guga wanda kowa ke kira Ko-Kuwa. Ba sunan da aka raɗa masa ke nan ba, bakinsa ne ya jawo masa. Mutum ne mai kirki, ba ya faɗa, ba ya cin amana. Aibinsa ɗaya ne tak: ba ya iya yanke magana. In ya ce zai yi abu, kafin ya rufe baki sai ka ji ya ƙara da, "Ko kuwa?" Ya taɓa zuwa sayen takalmi, baƙi da ruwan ƙasa suka raba masa hankali. Ya tambayi mai shago, ya tambayi wani mai wucewa, ya tambayi matar da ke sayar da lemo a bakin ƙofa, ƙarshe ya dawo gida da tsohon silifas ɗinsa. Duk wanda ya yi magana da shi a ƙarshe, to shi ne mai gaskiya, har sai ya gamu da wani.

Shekara goma sha biyu yana aiki a wani babban gidan wanki da guga. A shekarun farko yana da teburinsa kusa da taga, da dutsen guga mai nauyi, da kwalbar fesa ruwa, da wani farin ƙyalle da yake shimfiɗawa a kan siliki don kada ya ƙone. Kwat da rigunan amare duk wurinsa ake kai su. In ya fitar da karin wando, sai ka ce wuƙa. Abin mamaki, a gaban teburin nan ba ya kokwanto ko kaɗan. Hannunsa ya san abin da bakinsa bai sani ba.

Ana nan sai Maigida, mai gidan wankin, ya samu kwangilar wanke zannuwan gado na otal-otal da na wani asibiti. Aka kawo wani ƙaton injin guga mai naɗi, ya cinye rabin ɗaki. Aka ɗauke teburin Ko-Kuwa, aka tsayar da shi a bakin injin. Aikinsa yanzu ya kama gefen zani, abokin aikinsa ya kama ɗaya gefen, su miƙa wa injin, injin ya haɗiye, ya fitar ta baya. Daga safe har yamma, fari bayan fari. Ga turiri, ga ƙara, ga ciwon baya. Albashi na zuwa a kan lokaci, ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ci mutuncinsa. Amma kullum in zai tafi aiki sai ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse.

Wata ranar Lahadi da hantsi ya zauna kusa da matarsa, wadda yake kira Uwar Biyu saboda tagwayensu. Ita tana aiki ne a wani shagon zare da maɓalli.

"Uwar Biyu, na gaji da aikin nan. Zan bari." Sai ya ƙara da, "Ko kuwa?"

"Baban Biyu, na daɗe da ganin gajiyar a fuskarka," in ji ta. "Ka bari, amma ka samu wani tukuna. Kada ganin hadari ya sa ka zubar da ruwan randa. Ga yara biyu a makaranta."

Ya ce wannan gaskiya ce tsantsa. Da la'asar ya tafi gidan yayansa, direban babbar mota, wanda ya sauya iyayen gida sun fi takwas.

Yaya ya yi dariya har da buga cinya. "Kai, ƙanena, yaushe za ka nemi aiki kana tsaye a bakin inji daga safe har yamma? Aikin ne zai biyo ka ciki? Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Kawo takarda da biro."

Yaya na faɗa, Ko-Kuwa na rubutawa. Wasiƙar ta ce ya gode da zaman shekara goma sha biyu, kuma zai ajiye aiki a ƙarshen wannan watan. Ya sa hannu, ya saka a ambulan, ya liƙe, ya rubuta a bayanta da manyan baƙaƙe: ZUWA GA MAIGIDA. Ya fito yana jin kansa sakayau.

A hanya ya biya ya gai da surukinsa, tsohon mai gadi da ya yi shekara talatin a ƙofa ɗaya. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Ɗana, aiki ai ba don daɗi ake yinsa ba. Ni da na yi shekara talatin ina buɗe ƙofa ina rufewa, ka ji an ce ƙofar ta taɓa ba ni dariya? Kada ka saki reshe ka kama ganye. Ka zauna inda Allah ya ajiye ka."

"Wallahi Baba, ka faɗi gaskiya," in ji Ko-Kuwa.

Ya iso gida da gaskiya uku a kansa, kowacce na ture 'yar'uwarta. Bai yaga wasiƙar ba, don Yaya. Bai miƙa ta ba, don Baba. Bai fita neman wani aiki ba, don bai tabbatar zai bar wannan ba. Sai ya zura ta a aljihun cikin shuɗiyar rigarsa ta aiki, ya ce bari ya gani.

To, gidan wankin nan yana da ƙa'idoji biyu da ya kamata ku sani. Ta farko, duk ranar Asabar in an tashi, kowane ma'aikaci zai tuɓe rigar aikinsa ya jefa a babban kwando, ranar Litinin ya ɗauki wankakkiya. Ta biyu, ba tufar da ke shiga ruwa sai an lalube aljihunta. Wata dattijuwa ce ke wannan aikin, ana kiranta Inna Mai Aljihu. Abin da ta samu, in babu suna a jiki, ta ajiye a tire. In da suna, ta kai wa mai sunan da hannunta. Shekara ashirin tana haka, ko allura ba ta taɓa ɓata a wurinta ba, kuma da wannan take alfahari.

Saboda haka duk Asabar Ko-Kuwa yakan zare wasiƙar kafin ya jefa riga, ya tafi da ita gida, Litinin ya mayar a sabuwar riga. Turiri ya sa ambulan ta yi laushi, gefenta ya lanƙwashe. Sau uku yana zuwa ƙofar ofishin Maigida. Na farko ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, muryar Baba ta riƙe shi. Na biyu ya ƙwanƙwasa, Maigida ya ce, "Wane ne?" ya ce, "Ni ne, na zo gaisuwa." Na uku ya shiga har ciki, ya sa hannu a aljihu, ya fito da hankici ya share gumi.

Idan injin ya ishe shi sai ya dafa ƙirji ya ji takardar, ya ce a ransa, ai ni mai tafiya ne. Idan ya tuna da tagwaye sai ya sake dafawa, ya ce, ai ban miƙa ba. Watan da wasiƙar ta ambata ya ƙare, wani ya kama, ita tana nan.

A mako na bakwai Uwar Biyu ta dawo daga shago da labari. Wani tela mai babban shagon ɗinkin kwat da rigunan amare ya zo sayen maɓalli, ta ji yana ƙorafin bai samu mai gugar hannu na ƙwarai ba. Ta ba shi labarin mijinta.

"Ya ce ka zo Asabar ƙarfe goma. Zai ba ka kwat ɗaya ka goge a gabansa. In ya ga hannunka, shi ke nan."

Idon Ko-Kuwa ya yi haske, sannan ya dushe. "Asabar ai ranar aiki ce."

"Sai ka nemi izinin awa biyu."

"In ya ce ina za ni fa?"

"Ka ce kana da uzuri. Ƙarya ce?"

"In ya ce wane uzuri? In na faɗa, ya san ina neman tafiya. In ban faɗa ba, ya zarge ni. Ko in miƙa wasiƙar tukuna in je da hujja? To in na miƙa telan bai ɗauke ni ba fa? Ko in ce ba ni da lafiya? Ko kuwa?"

"Baban Biyu," ta ce a hankali, "kwat ɗaya aka ce ka goge, ba yaƙi aka ce ka je ba."

Ya kira Yaya a waya. Yaya ya ce ya tafi kawai, ba sai ya tambayi kowa ba. Ya je wurin Baba. Baba ya ce mutumin kirki ba ya cin abincin wani yana leƙen tukunyar wani. Laraba ta wuce bai nemi izini ba, Alhamis ta wuce, Juma'a ma haka.

Ranar Asabar da safe ya tsaya a mahaɗar hanya inda ake hawa bas. Ta dama tana zuwa gidan wanki, ta hagu tana zuwa shagon tela. Ta dama ta zo, ya ja baya. Ta hagu ta zo, ya sa ƙafa ɗaya a kan matakala, direba ya leƙo ya ce, "Malam, shiga za ka yi ko gaisawa za mu yi?" Ya sauke ƙafar. Ya duba agogo: in ya je wurin tela yanzu, ya yi sammako da yawa, kuma a wurin aiki za a ga babu shi. Ya sake dubawa bayan wani lokaci: in ya je aiki yanzu, ya riga ya makara. Haka ya yi ta tsayuwa, gaba kura baya sayaki, har wata bas ta dama ta tsaya daidai gabansa, mutanen da ke bayansa suka turo shi ciki. Bai zaɓa ba, turo shi aka yi.

Ya isa aiki a makare, jikinsa a bakin inji, hankalinsa a shagon tela. Ƙarfe goma ta buga yana kallon agogon bango, sai zani ya ja hannunsa zuwa bakin naɗin. Abokin aikinsa ya yi ihu ya danna jan maɓalli, injin ya tsaya. Saura ƙiris yatsunsa su shige. Maigida ya fito daga ofis da gudu, ya dubi hannun, ya dubi fuskar, ya koma.

Da aka tashi, hankalin Ko-Kuwa duk yana kan abin da ya faru, ko tunawa da wasiƙar bai yi ba. Ya tuɓe riga, ya jefa a kwando, ya tafi gida.

Sai ranar Litinin, yana saka wankakkiyar riga, hannunsa ya tafi aljihun wando inda ya saba ajiye wasiƙar a ƙarshen mako. Babu. Ya lalube na baya. Babu. Yana cikin lalube sai ga Inna Mai Aljihu tana tahowa tana murmushi.

"Ɗana, kada ka wahalar da kanka, ba ta ɓata ba. Ka manta da saƙon Maigida a aljihu. Da wata ce da tuni ya zama kunu a ruwa. Na kai masa da hannuna tun ranar Asabar."

"Inna, kin kai masa?"

"Da wa zan kai wa? Sunansa ne a jiki, da manyan baƙaƙe, har ni mai raunin ido na karanta. Ba sai ka gode ba, aikina ne. Af, ya ce ma ka same shi in ka zo."

Ko-Kuwa ya shiga ofis kamar mai tafiya a cikin ruwa. Wasiƙar na shimfiɗe a kan tebur, Maigida ya danne ta da kofin shayi don ta miƙe.

"Zauna," in ji Maigida. "Bisa ga takardar nan, ka bar aiki tun mako uku da suka wuce. To wane ne ke ba injina zani tun daga lokacin? Aljani?"

"Maigida, ba haka ba ne. Wato, haka ne, amma ba haka ba ne. Ni na rubuta, amma ban kawo ba. Wato na kawo, amma ban miƙa ba."

"Na gane. Saurara. Shekara goma sha biyu muna tare, ban taɓa samunka da laifi ba. Na san injin nan ba aikin hannunka ba ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya gaji. Ba zan kama ka da takardar da ta zo ta hannun Inna ba. Ga kwandon shara. In zama za ka yi, ɗauki ka yaga da hannunka, maganar ta mutu a nan. In tafiya za ka yi, ga biro, in sa hannu, mu rabu lafiya. Wanne?"

Jama'a, ƙofa ce aka buɗe masa, har biyu. Da ya yaga, da yana da aikinsa, ya nemi wani a tsanake. Da ya ce a sa hannu, da aƙalla ya fita da ƙafarsa, kansa a ɗage. Ko-Kuwa ya dubi kwandon, ya dubi biron. Ya ji Yaya a kunnen dama, Baba a kunnen hagu, Uwar Biyu a tsakiyar ka. 

"Maigida," ya ce, "kai me ka gani?"

Maigida ya cire tabarau. "Ni kake tambaya ko ka bar mini aiki?"

"A'a, wato... ko ka ba ni zuwa gobe in je in yi shawara? Ko zuwa jibi? Ko kuwa?"

Maigida ya daɗe yana kallonsa, ba da fushi ba. Sannan ya jawo takardar gabansa.

"Mako bakwai kana shawara. Ranar Asabar na ga inda shawarar ta kusa kai yatsunka. Injin nan ba ya jiran mai tunani. Ba zan tsayar da mutum a bakinsa ba, rabinsa a ciki rabinsa a waje, gobe in je in gaya wa matarka hannunka ya tafi. Tun da ka kasa zaɓa, bari in zaɓa maka wanda zai bar ka da yatsu goma."

Ya sa hannu.

Daga nan Ko-Kuwa bai tsaya jiran bas ba, da ƙafa ya nufi shagon tela, yana sauri kamar ana korarsa. Ya tarar da wani mutum a bayan shagon yana goge kwat a kan sabon tebur. Kallo ɗaya ya yi masa ya ga yana danne kwalar kwat ɗin da yawa, za ta yi sheƙi. Hannunsa har ƙaiƙayi yake.

"Kai ne mijin mai maɓalli?" in ji tela, tef a wuyansa. "Na jira ka har sha biyu. Matarka ta yabi hannunka, amma wannan shi ya zo. Ni kuwa wanda ya zo nake iya ɗauka."

Ba tsuntsu, ba tarko. Ya kira Yaya, Yaya ya ce, "Ni ai cewa na yi ka miƙa tun ranar, ban ce ka yi mata reno a aljihu ba." Ya je wurin Baba, Baba ya ce, "Ni ai cewa na yi ka zauna, ban ce ka zauna da takarda a ƙirji ba." Kowa ya ɗauki gaskiyarsa ya tafi da ita, aka bar shi da rana tsaka a kan titi.

Da ya shiga gida Uwar Biyu ta riga ta dawo. Ta saurari labarin duka, ba ta yi kuka ba, ba ta yi gori ba. Ta zuba masa ruwa ya sha.

"Uwar Biyu, yanzu yaya zan yi?"

"Ban sani ba."

"Haba, ke ce mai hankalin gidan nan. Faɗi ko kalma ɗaya."

"Na faɗi kalma ɗaya mako bakwai da suka wuce, ka kai ta kasuwa ka auna da ta wasu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina tare da kai a duk abin da ka yanke, amma yankewar taka ce." Ta tashi ta shiga kicin.

Kwana uku yana zaune a ɗaki, ba wanda zai tambaya. Tagwaye su dawo daga makaranta su tarar da shi, su dubi juna, su wuce sumui-sumui. A rana ta huɗu ya durƙusa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Tsohon dutsen gugarsa ne, wanda ya fara koyon sana'a da shi, da farin ƙyallen. Ya ɗauki teburin cin abinci ya fito da shi baranda. Ya juya zai tambaya ko dama ya fi ko hagu, sai ya ga Uwar Biyu ta juya masa baya da gangan tana shanya. Ya ajiye shi a dama, inda haske ya fi.

Ba zan ce muku ya yi arziki ba. Shekarar nan sun sha wuya, abubuwa da yawa da aka saba da su a gidan suka ɗauke, kuma Uwar Biyu ce ta riƙe kan gidan da ƙyar. Da ya je gwajin tela, ko da ya yaga takardar, da duk ba a kai ga haka ba. Amma a ranar farkon nan wani maƙwabci, malamin makaranta, ya tsaya da riguna biyu a hannu.

"Maƙwabci, ashe guga ka fara? Yaushe zan zo in karɓa?"

"Gobe," in ji Ko-Kuwa. Bakinsa ya sake buɗewa da kansa, kamar yadda ya saba. Uwar Biyu ta tsaya da shanya, zani a hannunta. Ya haɗiye yawu.

"Gobe ƙarfe huɗu."

Ya jona dutsen guga.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, neman shawara abu ne mai kyau, amma shawara fitila ce, ba ƙafa ba. Tana haska hanya, ba ta yi wa mutum tafiya. Wanda aikinsa ya ishe shi, ya riƙe na hannu da amana, ya nemi wani da gaske, in ƙofa ta buɗe ya je ya shiga, sannan ya yi sallama cikin mutunci. In kuwa zama ya zaɓa, ya zauna da zuciya ɗaya. Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne tsayuwa a tsakiya, domin ƙin zaɓi ma zaɓi ne, sai dai wani ne zai yi maka shi, a ranar da ba ka shirya ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ba don gizo ba da na yi ƙarya, amma kowa ya lalube aljihunsa kafin ya jefa riga a kwando.